Sunan Inna a Jikin Fosta

Dogo Tebo, Potiskum
12 ga Janairu, 2024

Zuwa ga Hammana, Likita Safiyanu Jalo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ya aiki, ya shanun Turawa, ya gwiwar nan da kake cewa ta warke alhali na san ba ta warke ba? Maigidana Malam Babaji yana gaishe ka, yara ma duk suna gaisuwa.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Da hannu na rubuta, 'yata Raudatu ta ɗauki hotonta ta turo maka. In na kira ka a waya, daga "lafiya lau" sai "ana jirana a wurin aiki". Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta.

Hamma, ashe mawaƙiya gare mu a gida ka rufe mu ruf? Shekara da shekaru ina tambayarka me 'yarka, takwarar Inna, take yi a Ostareliya, kana ce mini yarinyar tana ɗan aikinta. Wannan ne ɗan aiki? Ita da kanta ta lalubo Raudatu a intanet, ta tambaya ko mu ne Jalon Potiskum, dangin babanta. Tun ranar ban sake kallon komai a waya ba sai ita.

Na bi ta tun daga farko, don yaran yanzu komai nasu a ajiye yake. Na ga ƙungiyarsu ta farko, 'yan mata huɗu 'yan sakandare a garejin wani gida a nan Rockhampton ɗinku. Ita ce can baya, rungume da jita mai kaurin murya da ta kusa fin ta tsawo, kanta a sunkuye, ba ta kallon kowa. Ina ganin wannan sunkuyon na ce wa Raudatu ba sai an rantse mini ba, 'yarka ce. Kiɗan kuwa, Allah ya ba maƙwabtansu lada.

Sai ƙungiya ta biyu, wadda suka kafa a Brisbane tana jami'a. Sunanta in an fassara shi ne Tankin Ruwan Sama, ban san wa ya ba su shawara ba. A nan ne abin ya fara daɗi. Wani dogo mai gemu ne yake rerawa, shi ake wa tafi, amma in ka duba ƙasan kowace waƙa, can inda ake rubutu ƙanana, sunanta ne a matsayin wadda ta tsara. Na tsufa ina koyar da Turanci a firamare, amma Turancin mutanenku sai na maimaita nake kamawa, kamar da goro a bakinsu. Da na kama kuwa, sai da na ajiye tsintsiya na zauna. Yarinyar nan ba ta yabon kowa, ba ta zagin kowa. Motar da ta mutu a hanya za ta ɗauka, ko rigar mamaci da ke rataye a bayan ƙofa, ta yi ta juya ta har ka ji naka ne ake faɗa.

Yanzu ga ta ita kaɗai. Raudatu ta nuna mini fostar sabon faifanta: ba ƙungiya, ba dogon, ita ce da jitarta, a sama da manyan baƙaƙe an rubuta HAWWA JALO. Gabana ya faɗi, ganin sunan mahaifiyarmu manne a bangon garin da ita ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ka lura rubutawa na yi, ban faɗa ba. Amma da na ji muryar, wallahi sai na ji sunan bai faɗi ƙasa ba.

Kawu Maigandi ya ji labari, ya zo har gida yana cewa mu Fulani ba mu gaji roƙo ba. Na ce masa ya nuna mini wanda ta roƙa. Na kunna masa waƙa ɗaya, bai ji kalma ko guda ba, amma har ta ƙare bai taɓa furarsa ba. Da zai tafi ya ce muryar ta gidanmu ce.

Babban labarin shi ne ta ce za ta zo Potiskum wata mai zuwa. Ka san da zuwan kuwa, ko ni ce zan ba ka labarin 'yarka?

Ka gaishe da kanka, tunda ba kowa a gidan sai kai. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Adawiyya


Dogo Tebo, Potiskum
25 ga Fabrairu, 2024

Hammana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya gwiwa, ya zafin garinku da aka ce yanzu ne lokacinsa? Mu nan sai godiya. Na ga amsarka: "Na gani, na gode, a kula da ita." Layi ɗaya ka ba ni a kan shafi uku, Allah ya saka.

Ta iso lafiya. Raudatu ta tarbo ta a tasha, suka shigo a keke napep da akwatin jitar ya leƙo waje, yaran unguwa suna bin su a guje. Da ta sauko, Hamma, sai na tsaya ina ƙare mata kallo. Farar fatar ta mahaifiyarta ce, Allah ya jiƙanta, amma goshin da wuyan da yadda take tsayawa, Inna ce sak. Nan take tsofaffin gida suka raɗa mata Inna Ƙarama.

Ba ta da ƙyama. Ta ci tuwo da miyar kuka, ta sha fura har ta nemi ƙari. Ranar Laraba ta ce sai an kai ta kasuwar shanu, don a nan ka ce mata ka fara sanin dabba. Ni na ɗauka hotuna za ta yi. Ina! Waya ta ɗaga sama tana naɗar kukan shanu da hayaniyar dillalai da ƙarar tireloli, ta tsaya kusa da wani dattijo da ke kiran bijiminsa har mutumin ya tsargu. Da muka dawo ta shige ɗaki, kafin la'asar kiran dattijon nan ya koma waƙa. Haka take aiki, kunne ne jarinta.

Ta ba ni labarin shekarunta a ƙungiya, irin wanda ba a sawa a intanet. Su biyar a tsohuwar bas da kayan kiɗa, su wuni suna tafiya tsakanin gari da gari ba gida ko ɗaya a hanya, su isa su tarar da masu kallo ba su cika benci biyu ba. Su kwana a ƙasan ɗakin wanda ya tausaya musu. Ta dawo ta ci gaba da haɗa wa mutane kofi a shago. Ba kamfani a bayansu, su suke buga faifansu, ita take naɗewa ta kai gidan waya. Da suna ya fara fita, wani babban kamfani ya neme su, da sharaɗin a gajarta waƙoƙin a sassauta kalmomin. Dogon nan ya yarda, ita ta ƙi. Ta kwashi waƙoƙinta ta fita, ta yi shekara guda ba wanda ya neme ta. Sabon faifan a rumfar askin tumaki ta naɗe shi, a gonar dangin mahaifiyarta, don ba ta da halin kama situdiyo. Shi ne yanzu gidajen rediyo suke sawa. Ina sauraronta ina cewa a raina, wannan taurin kan na san gidan da aka ɗauko shi.

To ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ran Juma'a da yamma mata suka taru a tsakar gida ta yi mana waƙa. Ta ƙarshe a kan wani gida ce da ya koma mutum biyu bayan rasuwar uwa. Uban ba ya kiran 'yar. In abinci ya sauka, ƙofarta yake ƙwanƙwasawa ya wuce. In baƙo ya tambaya, sai ya ce yarinyar. Ta ce tun da aka binne uwar, ba a sake faɗin sunan 'yar a cikin gidan ba. Ba ta kai ƙarshe ba ta ajiye jitar ta tashi.

Na bi ta ɗaki na same ta tana kuka. Ta ce ta zo Potiskum ne ta ji ko kai kaɗai ne kake jin kunyarta, sai ta tarar dangi gaba ɗaya ne. Duk wanda ta ce wa sunanta, sai ya rufe baki ya yi dariya ya ce Inna Ƙarama. Ta ce har ni goggonta ban taɓa faɗa ba. Ta kuma ba ni labarin ranar ƙaddamar da faifanta a Brisbane: ka zo, ka tsaya can bakin ƙofa, wata ƙawarta ta tambaye ka ko kai ne baban, ka sunkuyar da kai ka ce kallo kawai ka zo, ka fice kafin a tashi. Ita a wurinta ka gudu ne kada a haɗa ka da ita.

Hamma, dariya ce ta fara zuwa mini, sai kuka ya kore ta. Wato duk shekarun nan ba ka taɓa gaya wa yarinyar nan cewa ita 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarka gare ta ba? Kunya biyu a kan mutum ɗaya, kuma ba ka yi mata bayanin ko ɗaya ba? Na san amsarka, za ka ce bayanin ma ai rashin kunya ne.

Na zaunar da ita na warware mata. Na ce a wurinmu uba ba ya kiran ɗan fari da suna, ba ya yabonsa a gaban mutane, kuma ba mai ɗaga murya da sunan uwarsa ko da wata aka sa wa. Na ce girmamawa ce, wanda aka fi ji da shi ake yi wa. Ba ta yarda ba sai da na karɓo wayar Malam Babaji na nuna mata lambar babban ɗanmu. Ka san da me ya ajiye ta? "Wancan". Na ce mata mutumin da ya tuƙa mota wuni guda da ciwon gwiwa don ya tsaya a bakin ƙofa, ba gudu ya zo yi ba.

Sannan ta faɗi maganar da har yanzu ban samo mata amsa ba. Ta ce a nan in uba ya yi shiru, akwai kaka da goggo da maƙwabta da za su gaya wa yaro ma'anar shirun. Ita a can daga ita sai kai.

Na ɗauka mun gama, ashe ɓata abin na yi. Washegari ta zo ta ce ta yi tunani, ita ce ta yi maka laifi. Ta ɗauki sunan mahaifiyarka ta manna a bango da jikin riguna, baƙi suna kiransa yadda suka ga dama, kai kuma kana haƙuri. Ta ce za ta sauke sunan, ta koma amfani da na gidan su mahaifiyarta, ta daina gayyatarka wasa don kada ta ƙara ɗora maka nauyi. Na yi rantsuwa, na kira Kawu Maigandi ya yi tasa, ta ce ta gode amma mu ba kai ba ne.

Ka ji inda muke. Allah ya ba ka lafiya, ya kuma buɗe maka baki.

Ƙanwarka,
Adawiyya


Dogo Tebo, Potiskum
9 ga Maris, 2024

Hamma,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai kewar baƙuwarmu. Ba ka amsa waccan ba, amma waya ta nuna ka buɗe ta, don haka kada ka ce ba ta iso ba.

Ta tafi ran Talata. Muka raka ta tasha da kilishi da man shanu da ban san ko za a bar ta ta shiga da su ƙasarku ba. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda Raudatu ta koya mata, ta shiga mota ta zauna jikin taga, ta sunkuyar da kai irin naka. Direba ya tada mota. Ina tsaye na ji in na bar yarinyar nan ta tafi haka, ta zo garin ubanta ta koma ba wanda ya kira ta.

Sai na kira. Da ƙarfi, a tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho da masu tallar ruwa. Tun da aka haife ni sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba sai ranar. Ta ɗago a firgice, ta leƙo har kafaɗa, tana dariya tana kuka har motar ta fita ƙofa. Malam Babaji ya juya yana karanta allon motocin Gombe kamar can za shi.

Na dawo gida na yi alwala na yi wa Inna addu'a. Ban ji ta yi fushi ba, Hamma. Ina gaya maka ne don ka san na taka kafin in ce ka taka.

Ni ban ce ka zubar da kunya ba. Da ita aka raine mu, ina son ta, kuma da ita zan mutu. Amma kunya a gaban wanda ya san ta ake yi. Ka kai ta ƙasar da ba mai karanta ta, ka yi ta yi wa marainiya ita kaɗai, ita kuma tana ganin ƙi ne. Ka san yawan waƙoƙin da ta yi tana magana da ƙofar da kake ƙwanƙwasawa?

Wasanta na ƙarshe da wannan suna a garinku ne, a bikin baje kolin shanu na watan Mayu, da rana tsaka, a filin da kake zuwa duba dabbobi. Ba za ta gayyace ka ba, ta gaya mini. Daga shi za ta ba masu buga fosta sabon suna. Ba gwiwa, ba nisa, ba wurin aiki da za ka fake da shi, don wurin aikin ne ma.

Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi. Na roƙe ka wannan.

Ka huta lafiya.

Adawiyya


Dogo Tebo, Potiskum
14 ga Mayu, 2024

Hammana na kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina ƙara gaisuwa. Ya gajiyar biki, ya gwiwa bayan tsayuwa? Kowa a nan lafiya, an fara yayyafi, Malam Babaji har ya fara zancen iri.

Kada ka wahalar da kanka da ba ni labari, na san ba za ka bayar ba. Ta turo mini bidiyon da ƙawarta ta ɗauka daga gefen dandamali.

Da farko dai bari in yabi 'yata, tunda kai ba za ka iya ba. Ita kaɗai a kan dandamalin nan da jita ɗaya, gaban manoma masu manyan huluna da suka zo sayen bijimai ba jin waƙa ba. Ta buɗe da kiran dattijon kasuwarmu, sai ga kukan shanun Potiskum yana tashi a lasifikar Ostareliya, har shanun da ke ɗaure a can suka amsa. Mutane suka bar layin abinci suka matso. Yarinyar da na fara gani tana ɓuya a bayan gareji, yau ga ta ta ɗaga kai tana kallon taro ido cikin ido.

Na hango ka tun a waƙa ta biyu. Kana tsaye jikin shinge da rigar aiki, kana duba haƙoran wani maraƙi da na tabbata lafiyarsa ƙalau. Ka duba bakin maraƙin nan har ya gaji da kai.

Da ta gama ta sauka, sai taron ya ƙi watsewa. Raudatu ta ce al'adarsu ce, in mawaƙi ya burge su sai su yi ta kiran sunansa suna tafi har ya dawo ya ƙara. Fili ya ɗauka, kowa yana kira da irin bakinsu da ke yanke sunan a rabi. Na ga ka saki maraƙin. Na ga ka duba dama ka duba hagu, ka ga ba mai kallonka, ka shige cikin mutane. Na san lissafin da ka yi, Hamma: a cikin wannan ihun wa zai ji?

Sai ta fito, taron ya yi tsit lokaci guda, kai kuma ka riga ka buɗe baki. Muryarka kaɗai ta fita a filin nan, da sunan cikakke, har ƙarshensa, yadda mahaifinmu Baffa yake kiran Inna in ya manta muna kusa. Duk ƙasar nan mutum ɗaya ne zai iya faɗinsa haka. Ta tsaya cak da jitar a hannu, ba ta ko nemi inda muryar ta fito ba, kai tsaye ta kalle ka. Ka cire hula ka rufe fuska, amma ba ka fita ba.

Ta kira ni daga baya. Ta ce sunan yana nan, ba za ta sauke ba. Ta ce a mota ba ka ce komai ba sai tambayar ko ta ci abinci, ita kuma yanzu ta san abin da hakan yake nufi.

Ban nuna wa kowa wurin nan na bidiyon ba, ko Malam Babaji, kuma ba zan tayar maka da maganar a waya ba. Na rufa maka asiri. Ni kaɗai nake rufe ɗaki in mayar da shi baya in sake ji. Ciki ɗaya muka fito, gashinmu ya yi fari, sai yanzu na ji ka kira uwarmu, kuma aka amsa.

Allah ya jiƙan Inna, ya raya takwararta, ya bar mana kai. Ka gaishe mini da ita, ka kira ta ka ce goggonta tana gaisuwa.

Taka har kullum,
Adawiyya